Shekarar da Muka Koma Ƙasan Fararen Duwatsu

Shekarun baya masu yawa, tun ina iya saɓa buhun dawa ni kaɗai in kai shi bakin lori, wasu baƙi suka sauka ƙauyenmu da rani tsaka. Ma'aikatan hukuma ne, masu awon ƙasa. Suna da mota guda, da wani madubi mai ƙafa uku da suke leƙawa, da doguwar sanda mai zanen ja da fari. A lokacin mahaifina ya rasu, gidan yana hannuna, ina da mata da 'ya'ya ƙanana, mahaifiyata kuma tana tare da mu.

Ƙauyen namu a kan tudu yake, da 'yar tazara daga gulbi. Kakanninmu ne suka kafa shi, mutanen ƙasar Sakkwato da suka yo gabas ba su koma ba. Tsakanin tudun da gulbi daji ne mai faɗi, baƙar ƙasa mai kyau, duk aduwa da ƙaya. Ko a shekarar da ruwa ya fi yawa ambaliya ba ta taɓa hawa dajin nan ba. Tsofaffi sun san iyakarta, suna iya nuna maka itacen da take tsayawa. Mun kuma san ana gina wani babban hazzan, wato madatsar ruwa, can gangaren gulbi, nesa da mu ƙwarai. Samarinmu ma sukan je can leburanci. Amma ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa abin da ake ginawa can ƙasa zai taɓa mu da muke sama. Ruwa ai gangarawa yake yi.

Maigari ya karɓi baƙin kamar yadda aka saba. Aka yanka tunkiya, aka tuƙa asida, tuwon ƙasar nan, shayi bai sauka daga wuta ba. A wurinmu ba a tsare baƙo da tambayar abin da ya kawo shi, balle baƙon hukuma. Sai da suka ci suka wanke hannu maigari ya ɗan kewaya ya ce, "To, Allah shi sa lahiya ta kawo ku."

Babbansu ya ce, "Alheri ne, ya haj. Aikin hukuma ne. In lokaci ya yi za a sanar da ku."

Maigari ya ce madalla. Mu ma duk muka ce madalla, kamar an gaya mana wani abu.

Suka yi 'yan kwanaki suna leƙe-leƙensu. Duk inda suka tsaya sai su kafa dutse su shafe shi da farin fenti. Da suka tafi, sai ga layin fararen duwatsu ya bi gindin tudunmu yana lanƙwasa, ya raba mu da dajin nan. Gidajenmu a sama, daji da gulbi a ƙasa. Ba su bar kowa da bayani ba, sai gwangwanayen fenti da yara suka yi rububi.

Yanzu sai in gaya muku abin da ke cikin kaina a lokacin, don ku san ba hauka na yi ba, ko da yake ya yi kama. Ni da wani abokina mun sha zuwa Jazira, inda hukuma ke da babban aikin noman rani, tsinkar auduga. Mun zauna a kambo, wato rugar leburori da ke bakin gonaki, kusa da Kamlin. Kambo ba gari ba ne. Bukka ce a gefen tur'a, magudanar ruwan rani, ka sha inda jaki ya sha, in an gama tsinka a sallame ka. Mai hawasha kuwa, wato wanda hukuma ta yanka wa gona a cikin aikin, yana zaune a inuwa da rawaninsa yana duba awon audugar da ka tsinka. Mun tambayi tsofaffin Hausawan da muka taras can me ya sa namu ba su da hawasha sai ɗaiɗaiku. Amsarsu guda ce, wanda awo ya same shi zaune a kan ƙasa yana nomanta shi aka ba, wanda ya zo daga baya ya zama lebura har jikokinsa. Kuma mun gani da idonmu a wani sabon yanki da aka buɗe, masu awo suka wuce suka bar alamu, ba a daɗe ba tur'a ta biyo sawunsu.

Saboda haka da na ga duwatsun nan, abokina ya dube ni na dube shi.

Ya ce, "Ka ga abin da na gani?"

Na ce, "Ga hazzan, ga masu awo, ga baƙar ƙasa. Mi ya rage?"

"Rawani ya rage, mai hawasha. Kanka ma bai yi kama da na rawani ba, sai an ɗaura maka da igiya."

Duk da haka ba mu yi gaggawa ba, wannan kam ina so a shaide mu. Mun je mun tambaya. Ni da shi da ƙanen maigari muka hau jakuna har markaz, inda ofishin majalisar yankin yake. Muka wuni a gindin bishiya kafin babban akawu ya kira mu. Muka gaida shi da Larabci, don duk muna ji kamar Hausa, muka ce mun zo ne kan fararen duwatsun da aka kafa mana.

Bai ɗago ba ya ce, "Wa ya aiko ku?"

Muka ce mu muka aiko kanmu.

"Kuna ƙarƙashin wane umda? Magana ta umda take bi, ba ta kowane mai jaki ba." Sannan ya ɗago ya ƙare mini kallo. "Kai a nan aka haife ka? Ubanka fa? Kana da jinsiyya?"

Wanda bai zauna nan ba ba zai gane ba. Jinsiyya takardar zama ɗan ƙasa ce, kuma a zamanin nan Bahaushe in ya yi tambaya biyu a ofis, ta ukun shi ake yi wa, kan kakansa. A nan aka binne cibiyata, a nan aka binne ta ubana. Ƙanen maigari ya taka mini ƙafa, muka yi godiya muka fito. Godiyar me, har yau ban sani ba.

Muka biya wurin umda, shugaban da ke kan ƙauyukan yankin, wanda gidansa ke wani gari daban. Mutumin kirki ne, ya ba mu ruwa ya ba mu shayi. Ya ce shi ma ba a gaya masa komai ba tukuna, amma hukuma ba ta ɓata fenti a banza, lallai alheri na tafe. Da wannan muka dawo gida.

Daga nan ne na zama mai wa'azi. Allah shi yafe mini, ina da baki a lokacin, kuma ina son a ce na san duniya don na hau jirgin ƙasa. A dandali, a bakin masallaci, a wurin suna, maganata guda ce: kada a sake barin mu a waje. In tur'a ta zo ta taras da daji ba kowa, baƙi za a kawo a ba su, mu kuma mu sauko daga tudu mu yi musu tsinka a ƙofar gidanmu. Maigari ya ce shi ya tsufa da tashi, amma bai hana kowa ba. Gidaje da dama suka bi mu.

Mahaifiyata ce ta fi ba ni wuya. Na same ta tana tankaɗe na zauna na zuba mata bayani.

Ta ce, "Wa ya hwaɗa maka ruwan rani za a kawo?"

Na ce, "Inna, kowa ya sani."

"Kowa ɗan gidan wa ne? Su masu dutsen sun hwaɗi?"

"Ba su faɗa ba, amma ai na ga irinsa a Jazira."

"Ka ga irinsa." Ta ci gaba da tankaɗenta. "To ka tahi ka yi bukkarka, ka share gonarka. Hatsi dai a bar shi nan inda ubanka ya bar shi."

Hatsinmu a matmura muke ajiye shi. Rami ne ake haƙawa a busasshiyar ƙasa, a shimfiɗa ƙaiƙayi, a zuba dawa, a rufe da ƙaiƙayi da ƙasa. In wurin ya yi kyau dawa sai ta shekara biyu ba ta canja ba. Matmurar gidanmu tana kan tudu tun zamanin mahaifina, ita ce cikinmu daga kaka zuwa kaka. Ni kuwa na ƙudura cewa in masu rabon gonaki suka zo suka ga bukka ba hatsi, za su ce zaman ƙarya ne. Wanda yake zaune da gaske, cikinsa yana kusa da shi. Na yi ta naci, na kawo mata cewa wurin ya fi kusa da ruwa, matata za ta huta da tulu. Na kai ta ta ga inda na zaɓa, sama da iyakar ambaliya da nisa. Ta ɗebi ƙasar ta murza a hannu, ta ga a bushe take. A ƙarshe ta ce, "Kai ne maigida."

Muka sare daji, muka yi bukkoki, muka ja shinge. Damina ta farko Allah ya ba da albarka, sabuwar ƙasa ta ba da dawar da ban taɓa gani ba. Na haƙa sabuwar matmura na zuba, na kuma kwaso ragowar ta tudu na haɗa. Tsohon ramin na bar shi a buɗe awaki na faɗawa. Duk wanda ya sauko daga tudu sai in zagaya da shi ina nuna masa inda nake jin tur'a za ta bi. Abokina ya fara kirana mufattish, wai mai duba gonaki. Shekara ta juyo, ba mu ga kowa daga hukuma ba. Muka sake shuka, har muka ƙara faɗin gonaki.

Ƙarshen damina ta biyu, lokacin da gulbi ya saba janyewa mu bi danshin bakinsa mu shuka kuɓewa da albasa, sai ya ƙi janyewa. Aka ce ko ruwa ne aka yi a dutsen Habasha. Sai ya fara hawa. Ba irin hawan ambaliya ba mai ja da ƙara da itatuwa a kai. Wannan shiru yake zuwa, ba igiya ba kumfa, kamar ana cika ƙwarya. Ya wuce itacen da tsofaffi ke nunawa. Ya biyo kwaruruka ya zagayo ta bayanmu. Dawa tana tsaye ta fitar da kai, saura kaɗan ta nuna, ruwa ya shiga gindinta.

Wata safiya abokina ya shigo da wando a naɗe ya ce, "Mufattish, tur'arka ta iso. Na kama tarwaɗa cikin gonata." Ya yi dariyar yaƙe.

Ruwan bai kai ƙofar gidana ba tukuna, don haka na ce a fara da yara da awaki da tabarmi, hatsi yana da sauran lokaci. Mahaifiyata ta je ta tsaya kan matmura, ta cire takalmi ta taka ƙasar da tafin ƙafa. Ta ce, "Ku buɗe yanzu."

Da muka kware ƙasar, warin ne ya fara fitowa, tsami kamar na gidan giya. Ruwa ta ƙasa ya shiga, tun kafin mu gan shi a sama. Ta saman nan kamu ɗaya ko biyu ce kawai ta tsira. Ƙasa da haka dawar ta kumbura ta yi zafi, in ka tura hannu sai ka ji kamar cikin tanda, can ƙasa kuma ta zama baƙin kunu. Na shiga ramin har ƙugu ina ɗebowa da masaki, matata na karɓa tana kuka. Mahaifiyata ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube ni ba. Ta ware mai ɗan dama gefe, ta ce a kai tudu a shanya, sauran a bar wa kifi.

Mutanen tudu suka karɓe mu, kowa ya raɓa gidan ɗan'uwansa. Muna zaune muna kallo ruwa ya ci gonaki, ya ci shinge, ya hau bukkoki sai tsororuwarsu. Ya zo daidai gindin fararen duwatsun nan ya tsaya cak, kamar an ja masa linzami. A ranar muka gane. Mutanen nan da suka ci tunkiyarmu sun san inda ruwa zai tsaya tun shekara biyu da suka wuce, sun san shi har taƙi. Iyakar ruwa suka auna.

Ba wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. Bayan hanya ta bushe, don baƙar ƙasarmu ba ta barin mota ta motsa da damina, sai ga motar majalisa da lasifika a kanta. Ta tsaya a dandali, inda muka baza ruɓaɓɓiyar dawa a kan tabarmi kaji na tonawa. Wani jami'i ya fito da kakinsa a goge, ya karɓi abin magana, ya fara karanto sanarwa da Larabcin rediyo. Wai ana sanar da jama'a cewa za a rufe ƙofofin hazzan, ruwa zai hau har inda aka kafa alama, don haka kowa ya kwashe kayansa da dabbobinsa daga ƙasan alama. Yana karantawa, ruwan yana bayansa yana ƙyalli.

Ya gama ya naɗe takardarsa. Sai abokina ya ce, "Janabu, ranka shi daɗe, ka ɗan juya abin nan wajen gulbi, ko matmurata ta ji ta fito."

Jami'in ya ce ba wasa ya kawo shi ba. Ya ce umarnin ya fito tun kafin damina, hanya ce ta hana.

Na ce, "Janabu, jaki fa? Kwalekwale fa? Mai ƙidayar dabbobi don haraji tsakiyar damina ya zo mana a kan raƙumi, laka ba ta hana shi ba. Mu da ƙafarmu mun je markaz mun tambaya."

Ya ce, "Wa kuka tambaya? An yi taro a markaz, an gaya wa manya. Kuma su duwatsun nan, ba sanarwa ba ne? Kun gan su da idonku kuka tsallaka kuka yi gini. Wanda ruwa ya ci tsohon gidansa hukuma za ta duba shi. Wanda ya gina bayan an kafa alama ba shi da komai wurinmu. Mun san irin wannan, mutum ya ji ƙamshin diyya ya je ya kafa bukka."

Wato mu ne ma macuta. Ban san lokacin da na sunkuya na damƙo dawar nan mai wari na watsa ba. Shi na nufa, amma hannun mai fushi ba ya saiti, sai ta sauka a fuskar direba, bawan Allah da bai ce uffan ba tun zuwansu. Na kuma faɗi maganganun da ba zan rubuta su nan ba. Mutane suka rirriƙe ni. Maigari, tsoho da furfurarsa, shi ya bi jami'in har bakin mota yana ba da haƙuri don kada a tafi da ni. Ganin tsohon nan yana lanƙwasa saboda ni ya fi mini ɗaurin ciwo.

Abin da muka tsirar bai kai mu ko'ina ba. Mutanen tudu sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma gidaje da yawa ne a kansu. Dole gida ya watse don kowa ya sami abin kaiwa baki. Ni da matata da yara muka koma Jazira, kambon nan da na rantse 'ya'yana ba za su kwana cikinsa ba. Mahaifiyata ba ta da ƙarfin tsinka, sai aka kai ta wurin ƙanwata da ke aure wajen Dindir. Ku da kuka san mu kun san nauyin wannan. Mace ce da ko ruwa ba ta taɓa sha a gaban surukinta ba, in ya shigo gaisuwa ta bayan zana take amsawa. Ita ce ta je ta zauna gidansa tana cin tuwonsa. Ƙanwata ta gaya mini daga baya cewa sai ya fita take cin abinci, in yana gida yini guda sai ta ce azumi take.

Sai da na yi kaka biyu kafin na sake haɗa gida a kan tudu na je na ɗauko ta. Ta rame har zobenta na azurfa ya koma babban yatsa. A hanya, cikin lori, na roƙi gafararta. Ta ce, "Ka tambaya ba su hwaɗa ba, sai ka ba kanka amsar da kake so. Wanga shi ne naka, kuma na yahe. Nasu kuwa ba ni da ikon yahe shi, ba ni kaɗai suka yi wa ba."

Nawa na ɗauka, ban taɓa sauke shi a kan kowa ba. Ni na yi bakin, ni na buɗe tsohuwar matmura, akwai gidajen da don maganata suka sauka. Na bi su ɗaya-ɗaya na nemi afuwa. Hazzan ɗin ma ba na zaginsa, na san ya amfani mutane da yawa, mu ma daga baya mun ci kifinsa. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ƙanƙantar abin da ake bukata. Kalma huɗu ce, ruwa zai zo nan. Mai awon nan zai iya faɗinta yana kurɓar shayinmu. Akawun nan zai iya faɗinta ba tare da ya ɗago kai ba. Ba ta cin fetur, ba ta jiran hanya ta bushe. Ba mugunta suka yi niyya ba, na yarda, kuma wannan ne ya fi zafi. Sun auna ƙasa, sun auna ruwa, mu da ke tsakani ba mu shiga awon ba.

Yanzu na tsufa, mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, abokina ma ya riga ni. Limaminmu, wanda sa'an ɗana ne, ya taɓa jin ina ba da labarin nan, ya ce, "Baba, ka yafe mana, ka huta." Na ce masa ina so, wallahi ina so, ba na son in je kabari da wannan a ƙirjina. To amma wa zan yafe wa? Har yau ba wanda ya zo ya ce shi ne.